Saura Tsoho Mai Tari

Zuwa ga Innata a Cadawa,

Inna, ina gaishe ki, ina gaida Baba da su Tala. Ya damina? Hamdiya maƙwabciyata ce ke rubutawa, ni ina faɗi.

Muna lafiya, maigidana Sale na samun aikin gini. Jikanki Muzammil ma da sauƙi, sai dai sikilar nan ta sake tashi, kwana shida bai taka ƙasa ba. Kada ki damu.

Inna, nan Najeriya kowace jiha da depitocinta, wato 'yan majalisa. Namu suna shawarar wata doka, a riƙa ba yara masu sikila magani kyauta. Wasu sun ce har da ɗiyan baƙi irinmu, wasu sun ce a'a. Ni ban san sunayensu ba, muryoyinsu nike ganewa a rediyo. Wanda ya ce har da baƙi, in jefa wake cikin ƙoƙo. Wanda ya ƙi, in jefa tsakuwa. Yanzu wake sha ɗaya, tsakuwa sha ɗaya. Saura wani tsoho mai tari, bai faɗi nashi ba.

In na goya yaron da rana, sai in ga kamar tsohon ya zo gonarmu, yana zaune gindin gawo ina dama mishi fura, Muzammil kuwa na gudu cikin hatsi.

Ranar Laraba za su ɗaga hannu. Don Allah ki sa liman ya yi addu'a. In ya tambayi sunan mutumin, ki ce mai tari, Allah ya san shi.

Ɗiyarki,
Husaina