Tabarau Ya Makara

Afrilu, 2006

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya Mama da mutanen Rikoto? Ni lafiya lau, in ban da sanyin Ingila.

Ƙanwata Hannah ta rubuto cewa ranar husufi ka ƙi leƙa kwanon ruwa kamar kowa, ka kalli rana ido da ido, wai tsohon soja ba ya tsoro. Yanzu dishi-dishi kake gani. Baƙin tabaran da na aiko don kallon husufin kuma sai bayan sati biyu ya iso.

Kullum a gidan nuna taurari inda nake aiki ina gargaɗin 'ya'yan wasu kada su kalli rana, amma nawa uban ban gargaɗe shi ba.

Don Allah ka yarda a kai ka asibiti. Ubangiji ya ba da sauƙi. Na yi rubutun manya-manya, ko za ka iya karantawa da kanka.

Ɗanka,
Joel