Mun Ce Da Sauƙi, Kuka Yarda

Zuwa ga Likita, shugaban binciken ciwon gwiwa a sashen gashin ƙashi, Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Ya aiki, ya kuma haƙuri da mu?

Sunana Salamatu, tela ce ni a Lamashegu, shekaruna hamsin da takwas. Ban ambaci sunanka ko na asibitin ba, domin ba tonon asiri ya kawo ni ba. Ka san kanka, mu ma mun san ka. Na rubuta a fili ne saboda ba ni kaɗai abin ya shafa ba, kuma ranar da ya kamata in yi magana a gabanka kunya ta rufe mini baki.

Ƙorafi na kawo, amma ina rubuta shi ina murmushi. Ga shi a taƙaice: kun yi mana aiki ya yi kyau, takardarku ta ce bai yi ba, kun yarda da takarda, za ku rufe ajin motsa jiki ku bar yayata Rabi ba ta shiga ba. Laifin namu ne da naku, zan kuma raba wa kowa nasa.

Bayan babbar sallar bara aka yi sanarwa a masallacin unguwa cewa ana neman masu ciwon gwiwa. Muka zo ni da Yaya Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara tara, ita ta goya ni. Kuka yi mana bayani cewa rabinmu za su fara atisaye, rabi su jira wata shida a gida, don a gwada a gani, kuma ambulan ne zai raba. Kuka ce idan an ga amfani, masu jira su ma za su shiga. Na zari ambulan ɗin atisaye, ita ta zari na jira. Na roƙi a bar mu mu yi musanya, tunda nata ya fi nawa tsanani, aka ce ƙa'idar bincike ta hana. Ta yi dariya ta ce in je in share mata hanya.

Kafin in fara faɗa, bari in ba ka haƙƙinka. Shekara huɗu ina sallah a kan kujerar roba. Keken ɗinkina na ƙafa ne, sai da ta kai in na taka shi minti goma sai na huta ashirin, har masu kaya suka sa mini suna Hajiya Sai Gobe. Dangin mijina Dagomba ne, ka kuwa san a nan ba a gaida babba a tsaye. Ni da aka sani da durƙuso har ƙasa, na koma gaida manyan gida a miƙe kamar ɗan sanda.

Ranar farko da na ga abin da kuke kira magani, na ce an raina mana hankali. Ba allura, ba ƙwaya. Roba ce ake ɗaura wa ƙafa a ja, sai kujera a zauna a tashi, sai keken da mutum zai tuƙa ya yi gumi bai bar inda yake ba. Madam Adisa, mai gashin ƙashin da ke koya mana, ba ta da girman jiki amma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta: “Mma, ka tashi. Saura biyar. Ban ga gumi ba.” Sati uku muna zaginta a zuci. A na huɗu muka fara kawo mata ƙosai.

Litinin da Alhamis, wata shida, sau biyu kawai na yi fashi. A wata na huɗu, wata la'asar a ɗakina, na ture kujerar gefe na ce bari in gwada. Goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba, na yi kuka sosai, ba na kuma jin kunyar faɗa. Da na idar na miƙe ban dafa bango ba. Yanzu ina taka keke tun safe har azahar, kayan sallar bana kuwa duk na miƙa su da sauran kwana uku. Farin cikin da nake ciki, Likita, ko na ranar aurena bai kai shi ba, maigidan ma na gaya masa haka a gabansa.

To, Alhamis ɗin da ta wuce kuka tara mu 'yan aji, ka haska zane a bango. Ka ce bisa lambobin da muka bayar da bakinmu, ciwon masu atisaye bai ragu ba, ƙaruwa ma ya ɗan yi, masu jira kuwa suna nan yadda suke. Don haka ba za a ci gaba da ajin ba, kuma babu hujjar shigar da masu jira. Na ga fuskarka, kai ma abin bai yi maka daɗi ba. Ka tambaya ko akwai mai magana. Muka ce mun gode, Allah ya saka da alheri, kowa ya shanye lemonsa.

Mu huɗu muka shiga yalo-yalo ɗaya, keken hayan nan mai ƙafa uku, za mu gida. Kafin mu kai Kaladan, Magajiya, shugabar matan ajinmu, ta tambaye ni lamba nawa na faɗa ranar farko da aka ce mu auna ciwonmu daga sifiri zuwa goma. Na ce biyu. Ta ce ita ɗaya ta ce. Matar da mutum biyu suka sauke daga babur ranar, ita ce mai ɗaya. Sauran biyun ma babu wadda ta wuce uku. Muka yi ta dariya har direba ya tsaya ya waiwayo ko lafiya. Dariyar ta yanke mini ne da na tuna wadda ke jirana a gida da labari.

Ga abubuwan da nake so ka duba.

Na ɗaya. Lambar farko da muka ba ku ba gaskiya ba ce, kuma yadda kuka yi tambayar ne ya jawo. Malam Fuseini, ma'aikacinku mai cike fom, mutumin kirki ne, amma ranar baƙo ne a wurinmu, kuma namiji. A baranda ya zauna, layi na bayanmu, kowa na jin kowa. Ya fara da gaisuwa, ya ce ya jiki. Me ɗiyar Musulmi za ta ce? Da sauƙi, alhamdulillahi. Haka aka koya mana tun muna yara, ko a gadon asibiti kake haka za ka amsa. Bakina bai gama rufewa daga godiyar Allah ba ya miƙo mini takarda mai fuskoki, ta wannan gefe tana dariya, ta ɗaya gefen tana zubar da hawaye, ya ce in nuna tawa. Ni da na haifi shida ko maƙwabciya ba ta ji muryata ba, ni ce zan ɗora yatsa kan fuska mai kuka a gaban matan unguwa? Na nuna biyu. Gaskiyar ranar tara ce, goma kuwa na bar wa mutuwa ne kawai.

Na biyu. Bayan wata shida Malam Fuseini ya zama ɗan gida. Shi ke kiran suna kullum, mun san matarsa ta haihu, mun je suna, na ɗinka wa jaririyar riga. Da ya dawo da takardar fuskokin, sai muka saki baki kamar yadda ake yi wa na gida. Na ce huɗu, domin har yanzu in hadari ya haɗu gwiwar hagu tana yi mini magana. Zan ƙara tona mana asiri: wasu sun ƙara lamba ɗaya a kan gaskiya, don tsoron kada a ce sun warke a sallame su daga ajin. To ka ga lissafin da ya zo hannunka. Daga tara na sauko huɗu, takarda ta ce daga biyu na hau huɗu.

Masu jira kuwa sau biyu kacal suka ga Malam Fuseini, farko da ƙarshe, bai taɓa zama na gida a wurinsu ba. Yaya Rabi ta ce ɗaya a farko, ta ce ɗaya a ƙarshe. A takardarku ita ce ta fi kowa lafiya a gidanmu, alhali daga ɗakinta zuwa bakin famfo sai ta tsaya sau biyu.

Na uku. Sauran tambayoyin ma ba namu ba ne. An tambaye ni wahalar hawa bene, gidanmu ba bene. An tambaye ni shiga kwamin wanka, ni da bokiti nake wanka. An tambaye ni sa safa, a zafin Tamale. Duk na ce babu matsala, kuma ban yi ƙarya ba. Babu wanda ya tambaye ni sujada, ko zaman tahiya, ko durƙusa wa babba, ko tsuguno a bayan gida, ko ɗaga ƙafa a shiga yalo-yalo. A nan ciwonmu yake, a nan kuma sauƙin ya bayyana.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Yaya Rabi ta cika alkawarinta. Kun ce masu jira kada su kwaikwayi atisayen don kada gwajin ya lalace, ta kuwa hana ni ko nuna mata. In na dawo ina ba da labari sai ta ce in yi shiru, kada in ɓata wa mutane aiki, nata lokacin na zuwa. Ta sa na ɗinka mata dogon wando irin nawa na shiga aji, yana nan a ninke. Ranar da na yi sujada ita ta fara rangaɗa guɗa, daga kan kujerarta. Bai dace a ce ita za ta biya kuɗin kunyarmu da gaggawarku ba.

Kada ka ce in koya mata a gida. Na san jan roba, amma ban san abin da Madam Adisa ke gani ba in ta taɓa gwiwa ta ce wannan a ƙara, wancan a dakata. Ina tsoron in ƙarasa ƙafar da ta rage mata.

Ban ce ku goge lamba ku rubuta wadda muke so ba. Ni tela ce, na san in awo ya ɓaci ba a gyara shi da son rai, sake aunawa ake yi. Abin da nake roƙo shi ne:

Ku dakatar da rufe ajin har ku sake sauraronmu. Duk wanda na yi wa magana a cikinmu ya yarda zai zo ya faɗi abin da ya ɓoye, har da masu ƙarin lamba ɗaya.

Ku buɗe littafin Madam Adisa. Tun ranar farko take rubuta sau nawa kowa ke tashi daga kujera, da tsawon lokacin da yake ɗauka ya kai ƙarshen baranda. Ka ce mana ba a kan wannan aka ɗora binciken ba, na ji, amma ƙafa ba ta jin kunyar kowa, ku dai duba.

In za ku sake irin wannan aiki, ku yi tambaya a ɗaki, mace ta tambayi mace, a bar gaisuwa ta ƙare tukuna, a ɗan taɓa hira, sannan a shiga maganar ciwo. Kuma kafin ku buga fom, ku kira biyu daga cikinmu mu ji tambayoyin. Ba ma son komai, ko ruwa mu za mu zo da namu.

Sannan ku kira masu jira. Ko da binciken ya ƙare a takarda, roba da kujera da keke suna nan, ba su je ko'ina ba.

Allah ya saka maka da alheri, Likita, ya ƙara maka basira, ya raba gwiwoyinka da abin da ya sami namu. Allah ya yi wa Madam Adisa albarka ya ƙara mata ƙarfin murya. Allah ya raya wa Malam Fuseini jaririyarsa, kada kuma a ga laifinsa, abin da aka ba shi ya karanta.

Jiya bayan la'asar na karanta wa Yaya Rabi wannan wasiƙa, don ba na so in sa sunanta ba da izininta ba. Ta yi dariya wurin maganar safa, ta yi mini faɗa wurin maganar haihuwa. Da na gama ta shiga murza gwiwa. Shekara hamsin da takwas nake tare da ita, ta binne miji, ta binne ɗa, ban taɓa jin ta ce wani abu ya yi mata zafi ba. Sai ta ce in ɗauko biron in ƙara layi ɗaya, ga shi yadda ta faɗa:

“Ki gaya wa Likita ba ɗaya ba ne. Tara ne, kullum. Na gaji.”

Ni dai na isar. Litinin da safe za mu zo tare, za mu zauna a baranda mu jira amsarka.

Wassalam.

Taka mai godiya,
Salamatu Tela, Lamashegu, Tamale.