Fitilar Motar Gaba

Yaya Daiva,

Gaisuwa mai yawa daga Hammerfest. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina ƙoshi, barci ne dai ya ƙaurace mini.

Kin san aikin: jirgin ruwa ya sauke kaya, mu kwasa a tirela zuwa tashar jirgin ƙasa a Narvik. In muka makara, kamfani ya sha tara, shi ya sa ko dusar ƙanƙara ta haukace ba a ajiye mu. A kan dutse akan jera mu bayan motar share hanya. Dokar ɗaya ce: in fitilar motar gabanka ta ɓace maka, ka tsaya, kada ka fito.

Ranar Talata ni ne a gaban Arvydas, ɗan layinmu na can gida. Ya ce ta rediyo, "Kai kunkuru, taka mana, ko sai bazara za mu isa?" Na taka, har na yi masa nisa. Da muka sauko aka duba, babu shi. An samu motarsa a kunne, ƙofa buɗe. Har yau ana nema.

Na gaya wa oganmu ƙafata rawa take. Ya ce, "Jirgi ba ya jiran ƙafa. Gobe kayan Arvydas za ka ɗauka."

Ki aiko mini da safa mai kauri. Ku sa ni a addu'a. In matar Arvydas ta tare ki a coci, ki ce ban rubuto ba tukuna.

Ƙaninki,
Vytenis