Sahu Biyu na Bulo Tsakanina da Inna Ladi

Assalamu alaikum, Anti Ummi. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada wasiƙata ta daɗe a layi. Magininmu ya tafi wani aiki Hotoro, nan da mako biyu zai dawo ya ƙarasa toshe wata ƙofa a gidanmu, ni kuma har yau na kasa sanin ko ina so a toshe ta.

Ni malamar firamare ce a Tarauni, ina da miji da 'ya'ya mata biyu. Tun da aka haife ni ban taɓa kwana a gidan da ba na haya ba. Babanmu direba ne, daga Sumaila ya taho da Ummanmu, kuma a Unguwar Gano kaɗai sai da muka zauna gida biyar. Kin san zaman haya. Layin banɗaki da safe, igiyar shanya ɗaya ta mutum shida, in kin soya nama kowa ya sani, in ba ki ɗora tukunya ba ma an sani. Ummanmu mace ce mai tsananin kunya, zaman yana ci mata rai amma ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Abin da take yawan gaya mana in tana yi mana kitso shi ne, ita ba bene take roƙon Allah ba, ƙofa kawai take so wadda za ta rufe da hannunta, ta cire ɗankwali ta miƙe ƙafa a tsakar gida ba mai kallonta. Shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma a ɗakin haya ta rasu.

Bana Allah ya nufe mu da sayen gida a Gyaɗi-Gyaɗi. In na ce gida, kada ki kawo wani abin azo-a-gani a ranki. Magada ne suka sayar, shekara biyu ba kowa a ciki. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, shafen duk ya ɓare, gara ta cinye katakon rufi, silin ɗin ɗaki ɗaya ya rufto, in kika tsaya a kicin kina hango sama. Ƙanwata da ta gani cewa ta yi mun tara shekara tara muna tari don mu sayi kango. Ni kuwa a idona duk Kano ba gidan da ya kai shi kyau. Abu ɗaya dai ya ɗaure min kai ranar da dillali ya kai mu: komai a lalace, amma tsakar gidan a share tas, har da sawun tsintsiya. Na ɗauka dabarar dillali ce.

Washegarin ranar da aka damƙa mana makulli, ina tashi daga makaranta na hau Adaidaita ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na shiga na danna sakatar soro, na cire mayafi, na cire ɗankwali, na zauna a ƙasa gindin wani zogale da ke tsakar gidan na miƙe ƙafa. Na yi kukan Ummanmu irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da ita. Ina cikin haka sai na ji sallama a bayana. Ina waiwayawa na ga wata tsohuwa doguwa siririya da tsintsiya a hannu, ta ɓullo daga bayan kicin kamar a gidanta take.

Ashe akwai wata 'yar ƙofa a jikin katangar, ba ta da ƙyaure, wani tsohon kwanon rufi ne aka jingina ya ɓoye ta, kuma gidan maƙwabta take fita. Tsohuwar sunanta Inna Ladi. Ita da Hajiya Sa'adatu, marigayiya matar gidan da muka saya, shekara ɗaya aka kawo su unguwar suna amare, dukansu a kulle. Mazajensu ne suka fasa katangar don matan su riƙa shiga wurin juna ba sai sun bi titi ba. Shekara arba'in da wani abu ta nan suke miƙa wa juna garwashi da gishiri, ta nan kowacce ke rugawa in ɗayar tana naƙuda. Tun da Hajiya ta rasu, Inna ba ta fasa shigowa ta share mata tsakar gida ba.

Ba zan ɓoye miki ba, haushi na ji, ba tausayi ba. Rana ɗaya tak na roƙa in zauna ni kaɗai a gidana, ita ma sai da aka shigo min. Na ɗaura ɗankwalina na amsa mata a daƙile. Ita kuwa ko a jikinta. Ba ta tambaye ni abin da ya sa ni kuka ba, ta share tsakar gidan ta kewaye inda nake zaune, ta tsinki zogalenta ta koma.

Da aka fara aiki kullum sai na biya bayan makaranta, kullum kuma sai na tarar da ita. Malam Tanko magini har ya fara kiranta injiniya. Ita ta nuna masa inda ruwa ke kwanciya da damina, da bangon da ya taɓa zubewa aka sake ɗagawa, ita ta hana shi haƙa ramin masai a daidai inda tsohon yake binne. Ni kuma ta sa ni gaba da faɗa: ban ci abinci ba na zo ina shaƙar siminti, ina tsayuwa a rana kamar ba ni da mai hana ni. Ban san ranar da na fara ɗokin tashi daga makaranta don in je a yi min faɗan ba. Tana da wani ɗan tari da take yi kafin ta yi sallama, sak na Ummanmu. Akwai ranar da na makara, na tarar ta ajiye min ruwa a randar Hajiya ta rufe da faifai. Na sha ina juya mata baya don kada ta ga idona.

Maigidana Sani kuwa tun ranar da ya ga ƙofar ya ce toshe ta za a yi. Kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Babbar mota yake ja zuwa Kudu, yakan yi kwana goma ba ya gari. Gidan su Inna cike yake da jikoki samari, ga 'yan haya a ɗakunan waje, mu kuma 'yan mata gare mu sun fara tasawa. Ya kuma tuna min cewa ni ce na dame shi shekara da shekaru ina son gidan da ba mai faɗo min. Gaskiya kuwa ya faɗa. Ban iya gaya masa cewa tsohuwar ta shiga raina ba, kunya nake ji ya ce daga sanin mata wata biyu na maida ta uwa.

Kafin ya tafi ya bar wa Malam Tanko saƙo. Ranar Laraba simintin da aka kwaɓa ya yi saura, Malam Tanko ya ce bari ya fara da shi. Ina tsaye a wurin, Anti. Ban hana ba, ban kuma taɓa gaya wa Inna za a yi ba, kullum sai in ce gobe. Ta fito da tsintsiyarta ta tarar ana jera bulo. Ta tsaya ta ɓangarensu tana kallo har aka yi sahu biyu siminti ya ƙare. Ta yi wa magini sannu da aiki, ta yi mana addu'ar Allah ya sa mu shiga lafiya, ta juya. Bulon bai wuce gwiwa ba, amma gwiwoyin Inna ba za su iya tsallake shi ba.

Washegari na tarar da tsakar gidan ba shara, ganyen zogale ko'ina. A kan bulon kuma ga langa a rufe, cike da dambu da sauran ɗuminsa. Na leƙa ban ga kowa ba. A nan na tsuguna na cinye shi ina hawaye kamar wata yarinya.

Yau kwana biyar langar tana hannuna. Na wanke ta, tana cikin jakar makarantata, ina yawo da ita. In na bi ta titi na yi sallama a ƙofar gidansu, na zama baƙuwa. In na tsallaka bulon, da wane ido zan kalle ta? Ina ji in na bar ƙofar nan a buɗe na ci amanar burin Ummanmu, in kuma na toshe ta kamar na sake binne ta ne. Ina kewar Ummana, ina kewar tarin Inna, kuma gidan da na yi shekaru ina mafarki yanzu ba na son shiga cikinsa. Me zan yi?

Taki, mai sabon gida a Gyaɗi-Gyaɗi.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Allah ya jiƙan Ummanku, ya sa wa gidanku albarka. Kada ki biye wa ƙanwarki, mutane da yawa da kango suka fara.

Zan fara da maigidanki, domin ba mugunta ya yi ba. Namijin da ke kwana goma a hanya, ya bar mata da 'yan mata biyu a gida mai kafar da kowa zai iya bi, dole hankalinsa ya ƙi kwanciya. Sannan lokacin da aka fasa katangar nan gidajen biyu amare ne a cikinsu, yau kuwa ɗayan cike yake da samari da 'yan haya, kuma wata rana shi ma magada za su iya sayar wa wanda ba ku sani ba. Duk wannan abin dubawa ne. Inda aka samu giɓi shi ne ya yanke hukunci da rabin labari, kuma ke kika ɓoye masa sauran rabin.

Laifinki a wurin Inna ma ba bulon ba ne, shirun ne. Gidanku ne, kuna da ikon toshe ƙofarku, ita ma ta sani, shi ya sa ba ta yi muku gardama ba. Abin da ya kamace ta shi ne ta ji daga bakinki kafin ta gani a hannun magini. Duk da haka ta aiko miki da dambu. Wanda ya yi fushi ya yanke hulɗa ba ya yin haka, don haka ki daina tsoron idonta.

Yanzu ki koma kan maganar Ummanku yadda kika rubuto min ita. Cewa ta yi tana son ƙofar da za ta rufe da hannunta. Ƙofa ta roƙa, ba katanga ba. Abin da ya dame ta a gidan haya shi ne ba ta da ikon cewa wa zai shigo da wanda ba zai shigo ba. Wannan ikon kuwa ƙyaure da sakata ne ke ba ki shi, ba sai an kai bulo sama ba.

Shawarata ke nan. A cire sahu biyun nan, a sa ƙyauren ƙarfe mai ƙwari, sakata da makulli ta ɓangarenku. In kina gida ki buɗe wa Inna, in za ki fita ko kina son zama ke kaɗai ki rufe, ba sai kin ba kowa haƙuri ba. Tunda katangar ta gida biyu ce, maigidanki ya zauna da babban ɗan Inna a gaban mai unguwa, a fahimci juna cewa ƙofar ta Inna ce ita kaɗai, kuma duk ranar da ɗayan gidajen ya sauya hannu za a toshe. Kada ki yi masa wannan magana ta waya yana kan tuƙi. Ki bari ya dawo ya huta, ki gaya masa gaskiyar da kika gaya min, har da tarin da ruwan randa. Ki kuma nuna masa cewa matafiyi ba ya asara in akwai dattijuwar da idonta ke kan iyalinsa. In bayan haka ya ce a'a, ki bi, amma ke da kanki za ki je ki sanar da Inna kafin Malam Tanko ya dawo, sannan ki zama mai zagayawa ta titi. Gwiwoyinki sun fi nata lafiya.

Ki kuma riƙe wannan a ranki: Inna Ladi ba Ummanki ba ce, kamar yadda ke ma ba Hajiya Sa'adatu ba ce. Kowaccenku tana neman wadda ta rasa a jikin ɗayar. Ba laifi ba ne, amma za a yi ranar da faɗanta zai ishe ki, kuma ta manyanta, ba za ta daɗe kamar yadda kike so ba. Ki so ta a matsayin ita kanta, ki ci moriyar kwanakin da Allah ya ba ku.

Batun aiki kuwa, ki gaya wa maginin ya bar ƙofar nan tukuna. Rufi ne ke da gaggawa kafin ruwa ya sauka, sai hanyar ruwa da masai, sai wayar lantarki a hannun wanda ya san aikinsa. Fenti da tayil za su iya jiran ku har bayan kun tare.

Langar kuwa ba ta jiran dawowar kowa. Kin san ba a mayar da ita fayau. Gobe ki dafa abin da Ummanku ta fi iya dafawa, ki zuba a ciki, ki tattare zanenki ki tsallaka bulon, ki yi sallama ki ba ta haƙuri. In kin ga dama ki tsinko mata zogale ki haɗa, kwana biyar ke nan ba ta kai hannu gare shi ba.

Allah ya daidaita tsakaninki da maigidanki, ya ba Inna lafiya, ya sa ku tare cikin aminci.

Anti Ummi