Amrita, 'Yar Kwana Biyar

Ardwick, Manchester
4 ga Maris, 2013

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka isa Birmingham lafiya. Yaya sanyin Perry Barr, yaya sabon aiki? Kada ka damu da tafiyar da ka yi. Tun da council, hukumar gari, ta rage ku daga aiki a nan, na san wannan contract ɗin ba a wasa da shi. Na rubuto ne don in na ɗauki waya kuka ke hana ni magana.

Yarinya tana nan cikin kwalba, duk wayoyi a jikinta. Bakwaini dai, tafin hannunka ya ishe ta kwanciya. A katin gadonta babu komai sai sunanka, don na gaya musu mu sai ranar bakwai muke raɗa suna.

Akwai wata nas dattijuwa, 'yar Indiya, jarirai huɗu ke hannunta ita kaɗai saboda an rage ma'aikata. Ta ce ita fa ba za ta iya wanke mutum tana kiransa da lambar gado ba, don haka kafin ranar sunanmu za ta riƙa ce mata Amrita. Na tambaye ta ma'anarsa. Ta ce daga Sanskrit yake, tsohon harshen littattafansu, wai wadda ba ta mutuwa. Ta ce a zamaninta ko'ina akwai Amrita, ko a unguwar Lozells ɗinku ta Birmingham ka kira sunan a shago sai mata uku sun waiwayo, amma 'yan yanzu sun fi son gajerun sunaye. Dariya na yi, wallahi ita ce dariyata ta farko tun Asabar da na haihu.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Hajiya in kun yi waya.

Matarka,
Saudatu

Ardwick
12 ga Maris, 2013

Maigidana,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarin haƙuri? Allah Ya sa mai cetonmu ce. Ina fatan kana cin abinci, don na ga yadda wandonka ke zamewa ranar jana'iza.

Jiya aka bugo daga ofishin rajista. Takardar rasuwa da ka yi a gurguje ranar Alhamis ta wuce da sunanka kawai, amma ta haihuwa tana nan ba a yi ba. Sun ba ni Laraba ta mako mai zuwa, kuma za su tambayi suna.

Na ji abin da ka ce, cewa a gidanku wanda bai kai bakwai ba ba a yi masa suna, kuma sunan mahaifiyarka Hajiya da ka tanada a ajiye wa ta gaba. Na ji kuma ka ce wancan sunan ba namu ba ne, Allah ne kaɗai ba Ya mutuwa. Haba maigida, ni za ka gaya wa? A hannuna fa ta cika.

Matan da suka zo gaisuwa duk bakinsu ɗaya, wai Allah Ya kawo mai amfani. Kamar ɓari na yi! Kwana biyar tana numfashi, ta riƙe yatsana, tana da irin kunnenka. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na miƙa musu shayi. Ban yarda a bar layin suna a takardar haihuwarta babu komai ba. Ka yi tunani kafin Laraba, don Allah.

Taka,
Saudatu

Ardwick
20 ga Maris, 2013

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na jira amsarka har safiyar yau, ba ta zo ba. Na je ofishin ni kaɗai. Ga takardar nan na haɗo maka, gara ka gani daga hannuna.

Kafin ka yi fushi, ka ji dalilina. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarka za ta ci. Da ta rayu shekara saba'in, da bakina bai taɓa furta sunanta ba, ka san haka aka rene mu. Sai dai in ce ke, ko wance, ko in laƙa mata Ummi. Na yarda da wannan tun ina da cikinta, ban taɓa ganin laifinsa ba.

Amma shi wannan sunan da nas ta sa mata na aro ne, babu kunya a cikinsa. Ranar Talata da rana nas ta ɗora mini ita a ƙirji ta ja labule, sai na ji bakina ya kira shi. Na sake kira. Maigida, ta buɗe ido. Laraba ma haka, Alhamis ma har zuwa lokacin da suka kashe na'urar da ke taimaka mata numfashi. Ba ma'anarsa na bi ba, na san ta mutu, ni na rufe mata ido. Shi kaɗai ne sunan da ta taɓa ji a bakin uwarta.

Matar rajista ta ce in faɗa a hankali don kada ta yi kuskure. Na faɗa da ƙarfi a gaban mutane, sau biyu, ta rubuta.

In Hajiya ta tambaya, ka ce mata sunanta na nan ba a taɓa shi ba. In kai kuma ba za ka iya kiran wannan ba, ba zan tilasta maka ba. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da wani ya tambaye ka 'ya'yanka nawa, ka fara ƙirga daga kanta.

Ka yafe mini.

Matarka,
Saudatu, uwar Amrita