Ƙwan da Babu Shi a Wasan

Laraba da dare, Kudan

Yau na same shi. Tun da na gama jami'a na dawo gida, wata uku ke nan, nake neman kashin nan na tsohon wasan barkwanci da muke kallo a talabijin da Baba, Allah ya jiƙansa. Abin da na riƙe kaɗan ne: maigida ya ɓoye kazar maƙwabci a cikin babbar riga, surukinsa ya zo gaisuwa, a ƙarshe kazar ta saka ƙwai a aljihun maigidan.

Sau uku na kalle shi a waya, minti ashirin da shida. Riga tana nan, suruki yana nan, amma babu ƙwai. Kazar tsalle kawai ta yi ta gudu. In wannan ma ban tuna daidai ba, me kuma na ɓatar game da Baba? Ko muryarsa yanzu sai na yi da gaske nake jin ta.

Na kai wa Umma wayar tana tankaɗe. Ta kalla, ta yi murmushi.

"Ai ba ki ga ƙarshensa ba, Rabi. Wuta aka ɗauke, kika sa mana kuka. Babanku ya zura rigarsa ta Juma'a, ya ƙarasa muku wasan a tsakar gida. Ƙwan ma daga akurkina ya sato shi."

Ashe Baba nake ta nema a waya. Rigar tana cikin akwatin Umma. Gobe zan roƙe ta ta buɗe min.