Ƙofar da Dada Ta Rufe da Hannunta

Zuwa ga Hamma Buba,

Gaisuwa mai sanyin ruwan Binuwai daga unguwarmu ta Demsawo. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Adda Mairo da yara, kuma hayaniyar Legas ba ta gajiyar da ku ba.

Albishirinka, motar da na harhaɗa da hannuna ta samu makullai. A da da igiya nake ɗaure ƙofofinta, shi ya sa tsohuwarmu Dada ta ƙi shiga. Ta ce, "Ni ba akuyar kasuwa ba ce." Alhali tun da muka gudo da ita daga Mubi lokacin rikici, burinta ta koma ta ga ɗakinta.

Jiya na yi ta sassauta ƙarfen da ƙofa ke kamawa, ina matsar da shi, har harshen makulli ya faɗa gurbinsa. Dada ta shiga, ta ja ƙofa, ƙas! Ta banke ta da kafaɗa, ƙofar ba ta motsa ba. Hamma, duk waƙoƙin da nake rubutawa, ban taɓa tsara baitin da ya kai wannan ƙarar daɗi ba.

Ta leƙo ta taga ta ce, "To, me muke jira?"

Asabar za mu kama hanyar Mubi, in Allah ya yarda. A taya mu da addu'a, ka kuma gaishe mini da kowa.

Ƙanenka,
Sa'idu